Daminar da Aka Kashe Yaya

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In tana so ya ci abinci sai ta ce da ni, "Kai wa wancan tuwonsa kafin ya huce." In ya yi tafiya ya daɗe ba za ta tambaya ba, sai dai in ga tana ta sharar tsakar gidan da ba shi da datti, tana kai tsintsiya har bakin zaure tana leƙe.

A Ruma aka haife mu, zamanin Turawa. Mahaifinmu malami ne mai makarantar allo a ƙofar gida, mu ma Malam muke ce masa kamar kowa. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Yaya. Ya yi sauka har ya fara littattafai, amma hankalinsa na wajen gona da dabbobi. Dogo ne mai wushirya, in ya yi dariya har Malam kan ɗago kai ya ce, "A rage, ana karatu." Shi ya koya mini bambanta sawun kura da na kare a kan rairayi. Shi ke cika aljihu da ɗinya ya kawo mini, har bayan na girma na fara jin kunyar karɓa.

Yana da amini Bafulatani, rugarsu na bakin daji kan hanyar Runka. Tun suna yara suka saba, lokacin da aka kawo Bafulatanin karatu wurin Malam. Da rani shanunsu a gonarmu suke kwana su bar mana taki, da kaka mu ba su kara da dawa. Ƙanwar aminin nan kuma ƙawata ce, sa'ata. Duk ranar kasuwa sai ta biyo gidanmu, ta sauke ƙwaryar nono a ɗakin Inna, ta yi mini kitso irin nasu, ni kuma in biya mata ƙananan surori. Hausarta a karkace take, Fillancina ya fi ta karkacewa, mu yi ta yi wa juna dariya.

Sai kuma Baffa, ƙanin Malam, wanda darni ɗaya ya raba gidansa da namu. An raba musu gonar gado a fadama, ciyawar gamba ce iyaka. Da bazarar wannan shekara Yaya ya je sharar gona, ya tarar an tumɓuke gambar an matso da ita cikin tamu. Ya cire ta ya mayar inda take. Baffa ya zo har zaure yana faɗa, wai yaron da ya goya ne yau zai nuna masa iyakar gonar ubansa.

Yaya ya ce, "Baffa, ni ban nuna maka komai ba. Gamba ce ta koma gidanta."

Malam ya daka wa Yaya tsawa, ya sa shi ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya bayar. Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita.

Lokacin ban wuce shekara goma sha biyar ba. Ranar da abin ya faru an gama maimai, gero ya kai ƙirji. Bayan azahar Yaya ya ce zai je ruga ya duba wata karsana tasa da ke kiwo a wurinsu. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Inna, na tafi." Ba ta amsa masa ba, dama ba ta amsa masa. Ni ta ce wa, "Ce masa hadari na haɗowa." Ya yi dariya ya ce ya ji.

Bai dawo ba. Muka ɗauka ruwa ne ya tsare shi ya kwana a ruga, don ya saba. Da hantsi wasu mata masu zuwa itace suka same shi a gefen rafi, gindin wata marke, daidai inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi gari ɗaya ta yi fadama. A ƙeya aka buge shi. Takalmansa na ƙafarsa, wuƙarsa na cikin kube, ba a ɗauki komai a jikinsa ba. Ruwan sama kuma ya wanke duk wani sawu.

Da aka shigo da gawar, gida ya rikice da kuka. Inna kuwa na zaune bakin ɗakinta idonta a bushe, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi na yaba mata dauriya. Ni haushinta nake ji. Sai bayan sadakar uku na zagaya bayan rumbu, na same ta durƙushe, ta cusa rigarsa ta noma a baki tana cizo don kada a ji muryarta. Da ta gan ni ta share fuska ta ce, "Je ki ɗebo ruwa, randa ba komai." Na tafi. Randar cike take.

Kafin sadakar bakwai gari ya riga ya yanke hukunci. Bugun sanda ne, su wa ke yawo da sanda? Ruga ya tafi, wa ya gan shi ƙarshe? Aka kai magana Batsari, 'yan doka suka zo suka wuce ruga. Ina tsaye na ga dawowarsu ta ƙofar gidanmu, da aminin Yaya a gaba, igiya a ƙugunsa. Da shi aka haƙa kabarin. Shi ya shiga ciki ya karɓi gawar. Da ya zo daidai zaure ya tsaya ya ce, "Malam, har da kai?"

Malam ya ce, "Ni ban ce ba."

Aka ja shi suka wuce.

Ƙawata ta daina zuwa. Na jira kasuwa biyu ban gan ta ba, sai na ɗauki farantin tallan dafaffiyar gyaɗa na bi matan unguwa masu zuwa Runka, a hanya na ratse na nufi ruga. Na same ta tana wanke ƙore. Ba ta tashi ba, ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

Ta ce, "Kin zo ganin gidan masu kisa?"

Na ce, "Na zo in ji daga bakinki ne."

Ta jawo mini turmi na zauna. Ta ce Yaya ya zo, ya ga karsanarsa, ya sha nono, suka zauna da wanta gindin itace suna hira. Bayan la'asar da hadari ya taso ya ce zai tafi. Wanta ya so ya raka shi, amma iska ta fara firgita shanu, dole ya tsaya. Kuma Yaya ya ce ba gari zai miƙe ba, zai biya fadama tukuna, don an ce masa an sake taɓa gambar.

Ta ce, "Har innata ta ba shi man shanu ya kai wa Innarku. Bai iso muku ba?"

Na ce ba a same shi da komai ba. Na tambaye ta a me aka zuba.

Ta ce, "'Yar ƙwaryar nan da muka ɗinke."

Na san ta kuwa. Wata rana ta suɓuce mata a tsakar gidanmu ta tsage, tana tsoron faɗan innarta. Ba mu jira gyartai mai ɗinkin ƙwarya ba, muka ɗauko basillar Inna da zaren kaba muka ɗinke da kanmu. Ɗinkin ya fito a karkace kamar sawun kaza, rabi nata rabi nawa.

Na ce, "Kin gaya wa 'yan doka?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Tun daga ranar muka zama abu ɗaya, ni da ita. Muka ce duk wanda ƙwaryar nan ke hannunsa ya san wani abu. Da fari mun zaci ruwa ne ya ja ta, muka bi rafin muna tona ciyayi da kara har ƙafafunmu suka yi kaushi. Ita tana tambayar makiyaya, ni ina kasa kunne a bakin rijiya da gidajen da nake kai talla. Maganganu kuwa sun yi yawa. Wasu suka ce ɓarayin shanu ne Yaya ya ci karo da su, amma ba a sace ko akuya ba a wannan mako. Wasu suka ce akwai yarinyar da yake nema a Babban Duhu, kuma yana da abokin takara. Ƙawata ta taka har can da sunan tallan nono, ta dawo ta ce abokin takarar, ciwon kurkunu ya kwantar da shi tun farkon damina, ko bayan gida sai an riƙe shi.

Abin da muka yi ta nema a daji, ashe yana bayan darninmu. Wata safiya Inna ta aike ni aron rariya gidan Baffa. Matarsa na daka, ta ce in shiga ɗaki in ɗauka. Na sunkuya zan jawo rariyar daga ƙarƙashin gado, sai ga 'yar ƙwarya da daddawa a ciki. Na juya ta. Ga ɗinkinmu nan, har inda na soki yatsana na bar zaren ya yi ƙulli.

Na fito da ita a hannu, na ce, "Gwaggo, ina kika samu wannan?"

Ta ce, "Baffanku ya shigo da ita. Me ya faru?"

"Yaushe?"

"Ke, ni rana nake riƙewa? Ajiye mini abina, ɗauki rariyar ki ba ni wuri."

Fuskarta ba ta nuna komai ba, har yau na yi imani ba ta san komai ba.

Na gaya wa Inna. Kafin in rufe baki ta toshe mini shi da tafin hannunta, ta leƙa waje, sannan ta ce a hankali, "Wa kika gaya wa?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Ki gaya wa Malam. Ni ba ni da bakin magana a kansa."

Na jira aka tashi karatun safe, na durƙusa gaban Malam na faɗa masa duka, har zuwana ruga. Bai yi mini faɗa ba. Ya sake tambayata yadda ɗinkin yake, na sake faɗa. Ya aika aka kira Baffa, suka zauna a zaure su biyu, ni kuma na laɓe bayan zana.

Baffa bai yi musun ƙwaryar ba. Ya ce, "Washegari na tsince ta a hanyar fadama, ba komai ciki sai ruwan sama. Na san ta wa ce?"

Malam ya ce, "Ranar da abin ya faru, ina kake da la'asar?"

"Malam, ni kake yi wa wannan tambaya?"

"Kai nake yi wa."

"Ina gona. Ruwa ya koro ni. Ban ga kowa ba."

Baffa da kansa ya ce a ba shi Alƙur'ani. Ya fita ya yi alwala, ya dawo ya dafa, ya rantse ba shi da hannu a jinin ɗan wansa. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Na ji tashinsa, na ji fitarsa. Can Malam ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Fito, na san kina nan."

Na fito. Ya ce, "Kin ji ya rantse. Bayan rantsuwa ba sauran magana sai ta Allah."

Na ce, "Malam, wanda ke ɗaure fa?"

Ya ce, "Zan je."

Ya kuwa je. Ya taka har Batsari ya shaida wa alƙali cewa shi bai zargi Bafulatanin da komai ba, ɗa ya ɗauke shi. Aka ce masa shari'ar kisa ta fi ƙarfin nan, an riga an wuce da shi birni. Maganar ƙwarya kuwa Malam bai ambata ba.

Da kaka aka ce Bature zai zo rangadi. Ni da ƙawata muka shirya za mu faɗa masa da bakinmu. Na koma gidan Baffa don in ɗauko ƙwaryar ko da sata ne, matarsa ta ce ai ta fashe tuni an jefa a murhu. Duk da haka muka tafi. Baturen na zaune kan kujera a inuwar ƙofar dagaci, maza sun zagaye shi, Baffa na cikinsu. Muka ratsa su hannunmu cikin na juna, muka zube a gabansa. Ban taɓa magana gaban maza ba sai ranar. Na faɗi gamba, na faɗi man shanu, na faɗi ɗinki, na faɗi inda na ga ƙwaryar. Ƙawata ta ce wanta bai bar shanu ba a wannan yamma, akwai waɗanda suka gan shi.

Mun daɗe muna magana. Tafinta ya dubi dattawan da ke wurin, sannan ya juya ya gaya wa Baturen wasu 'yan kalmomi da ba su kai tsawon sallama ba. Baturen ya dube ni da tausayi, ya ce wani abu. Tafinta ya ce, "Ya ce yana yi miki ta'aziyya. Ki kwantar da hankalinki, wanda ya yi yana hannu."

Na ce, "Ba haka na ce ba!" Amma an riga an kama mu an tayar. Baffa ko kallona bai yi ba, casbinsa yake ja.

Kafin magariba gari ya ɗauka, 'yar Malam ta kai ƙarar baffanta gaban Nasara. Na koma gida ina jiran duka. Malam ya kira ni ya ce, "Kin faɗi abin da kika gani, ban hana ki ba. Amma ƙwarya kika gani, ba ki ga hannu ba. Ni ma ban gani ba." Daga ranar ya hana ni talla. Ruga kuma ta yi mini nisa.

Sai bayan wata daminar aka sako aminin Yaya, don ba a samu shaida a kansa ba. Ya dawo ba ka gane shi, ya rame, yana tari mai ƙarfi. Maƙabarta ya fara zuwa kafin ya zo gidanmu. Malam ya fito ya riƙe hannunsa a bainar jama'a ya daɗe bai saki ba. Amma mutane ba su daina nuna shi da baki ba, matan gari kuma suka daina sayen nonon rugarsu. Da aka gama girbi suka kwashe bukkokinsu, za su yi yamma, wajen Zamfara.

Ƙawata ta zo sallama. Ta jawo karsanar Yaya, ta riga ta zama saniya har da ɗan maraƙi, ta ɗaure a ƙofar gida. A waje ta tsaya. Na ce ta shigo ta gaida Inna, ta girgiza kai. Na kawo mata ruwa a moɗa, ta ce, "Ƙawa, kada ki ji haushi. Ba zan ƙara shan ruwan garin nan ba."

Na ce, "Ni ma?"

Ta ce, "Ke kin yi magana. Ina wurin." Ta taɓa kaina, ta ce kitson nan ya tsufa, wa ke yi miki shi haka? Sai muka fashe da kuka mu biyu a bakin zaure, masu wucewa na kallo. Ban sake ganinta ba. Daga baya wani mai fataucin shanu ya gaya wa Malam tarin nan ya kashe wanta kafin ruwa ya sake sauka.

Malam da Baffa suka ci gaba da gaisawa, suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Amma Malam bai ƙara noma gonar fadama ba, bai sayar ba, bai ba da aro ba. Baffa ma bai ƙara matsar da ko ciyawa ɗaya ba. Gonar ta koma daji muna kallo. Inna ta rasu ban taɓa jin ta tayar da maganar ba, sai dai tun daga wannan shekara ba ta ƙara sa man shanu a tuwo ba.

Ina aure a Safana da 'ya'ya lokacin da ciwon ajali ya kama Baffa. Aka ce ya aika a kira masa Malam, an fitar da kowa daga ɗakin, sun daɗe su biyu. Malam ne ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Bayan an watse daga zaman makoki na same shi shi kaɗai a zaure, ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Malam, me ya gaya maka?"

Ya ce, "Gafara ya nema, kamar yadda kowane mai tafiya ke nema."

"Gafarar me?"

"Bai faɗa ba. Ni kuma ban tambaya ba."

Na ce, "Don me, Malam?" Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji ta.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "In ya ce shi ne, da wane hannu zan yi masa wanka? In kuma ya ce ba shi ba ne, ya zan yi da shekarun da na kwashe ina kallonsa da wannan ido?" Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ban ƙara tambayarsa ba har ya bar duniya.

Duk waɗanda suka zauna a inuwar nan ta ƙofar dagaci sun mutu, saura ni. Wani lokaci in ce Baffa ne. Wani lokaci in ce wataƙila gaskiya ya faɗa, tsintuwa ya yi, wanda ya yi aikin wani ne dabam da ya ci tuwon sadaka a gidanmu ya yi mana ta'aziyya ya tafi. Ban sani ba.

Shekarun baya jikan Baffa ya zo neman auren jikata. Yaro ne mai ladabi, yana koyarwa a Islamiyya, bai san komai game da wannan labari ba, ita ma haka. Ɗana ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ba za a yi ba sai da yardarki." Na kwana biyu ina juya abin, na rasa me zan ce musu wanda zan iya dafa Alƙur'ani a kansa. Na ce Allah ya sanya alheri. Da ta haihu aka kawo ni suna a mota, aka miƙo mini jaririn a cikin zani, mata na guɗa. Na karɓe shi, na tofa masa addu'a, na riƙe shi har ya yi barci a hannuna.